Birki Sau Biyu

Takardar da aka miƙa wa Auta a ofis da safen nan irin ta kullum ce: gidaje biyar, fasinja takwas, a sauke kowa a filin jirgi kafin ƙarfe goma. Sai da idonta ya kai layi na huɗu ta tsaya cak. Adireshin gidansu ne.

Ta san yau Baba zai tafi aikin ido, amma ba ta san Yaya ya kama musu kujera a kamfanin da take tuƙi ba. Baba kuwa, da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota kafin ganinsa ya dushe, tuni ya yanke cewa tuƙin haya ba aikin 'yarsa ba ne. Shekara biyu ke nan in aka tambaye shi me take yi, sai ya ce, "Tana nan dai." Maganar nan tana ci mata rai ba kaɗan ba.

A ƙofar gida Yaya ya fito riƙe da hannun Baba. Ta ɗora yatsa a baki, Yaya ya danne dariya. Ta cusa jakarsu a baya, Baba ya zauna daidai bayan kujerarta, sanda a tsakanin gwiwoyi.

Baba dai bai iya shiru a mota ba. Ko layinsu ba su bari ba ya fara: "Bari mu ji wannan. Direbobin yanzu, lasisi a aljihu, kai fayau."

A gida na biyar wata mai jego ta ci musu minti shida tana neman takalmin jariri. Wani ɗan kasuwa da ke kujerar gaba ya dinga buga agogo da yatsa. "Direba, a taka mana, jirgi ba ya jira."

Baba ne ya amsa. "Malam, kana jin yadda giya ke shiga kuwa? Ko jaririn bai motsa ba. Ka bar shi ya yi aikinsa."

Ana gangarowa babbar kwanar da ke gaban gada, ta ɗan taɓa birki sau biyu don na baya su ga wuta, sannan ta taka a hankali. Ba ta ma san ta yi ba. Daga nan surutun Baba ya ɗauke.

Goma saura kwata ta tsaya a ƙofar masu tafiya, ta sauke wa kowa kayansa. Baba bai tashi ba.

"Direba."

"Na'am, Baba."

"Yaran mota goma sha ɗaya na koya wa birkin nan. Babu wanda ya riƙe."

"Ni ba ka koya min ba. Kallo na yi."

Ya jima yana murza kan sandarsa. Sannan ya ɗaga murya wajen da yake jin ƙarar jakar ɗan kasuwa.

"Malam, tsaya. Ɗazu na ce ka bar shi, na yi kuskure. 'Yata ce. Direba ce."