Zabuwa a Cikin Guntun Maɗaci

"Ba zan share ba, Alhaji."

Alhaji Rabo ya tsaya riƙe da tsintsiyar da ya miƙo mini, baki buɗe, kamar an ce masa rijiyoyin fetur sun ƙafe. Shi ne shugaban cibiyar koya wa mata sana'a da aka buɗe mana a Faskari shekarar ƙarin albashin Udoji. Shi ya yi kwangilar ginin, shi ya cika shi da kaya, saboda haka bai saba jin "a'a" a harabar ba.

"Suwaibatu, mi kika ce? Jibi babban baƙo na tahe daga Kaduna. Kwashe min wagga shara!"

"Ba shara ba ce. Aikina ne."

Abin da yake kira shara kwando ne cike da guntayen katako, kowanne ɗaure da robar tayar keke. Ban ga laifin idonsa ba, don ko ni da farko haka zan kira su.

Lokacin da kuɗi suka yi wa gwamnati yawa, sai aka aiko mana da injunan zarto daga Turai, masu haƙori siriri kamar tsinken tsintsiya, wai matan karkara su koyi yanka kayan ƙawa. Injunan da lantarki suke aiki, mu kuwa fitilar ƙwai ce wutarmu. Suka yi shekara cikin ledarsu, har kaza ta yi ƙyanƙyasa a ƙarƙashin ɗaya. Ni aka turo in koyar, ina fitowa daga makarantar horon malamai, kuma ban yi karatu don in yi gadin leda ba. Na karance littafin da ya zo da injin, na cire kan tsohon keken ɗinkin Goggo Larai, ƙanwar mahaifina da ke yi wa cibiyar girki, na haɗa ƙafar keken da zarton. Na taka, ya motsa.

Ga yadda aikin yake. Za ki sami guntun katako mai gefe huɗu, ki zana zabuwa a gefe ɗaya yadda ake ganinta ta haƙarƙari, a gefen da ke kusa kuma yadda take in ta fuskanto ki. In kin yi yankan farko, ɓangarorin katakon za su zube. To, waɗannan ba a yar da su, don rabin zanen yana jikinsu, kuma su ke sa katakon ya zauna daidai. Sai ki mayar da kowanne gurbinsa, ki ɗaure tam, ki juya, ki sake yanka. In kin kwance, zabuwa ce za ta fito da ƙafafunta.

Faɗi da baki ne mai sauƙi. Ta farko da na yi, Goggo ta juya ta a hannu ta ce, "Ɗiyata, wanga kwaɗon mi ya same shi a wuya?" Haƙoran zarto suka riƙa karyewa, ɗaya ya tsaga mini ɗan yatsa. Ƙafafuna suka kumbura da taka keke. Maɗaci mai kyau sai wajen masu yankan katako a Sabuwa, ta hanyar da in mota ta faɗa rami sai fasinja ya yi salati. Ɗalibaina suka watse ɗaya bayan ɗaya, a gari kuma aka sa mini suna Malama Kafinta. Damina ta wuce, aka yi girbi, kafin hannuna ya faɗa. Kwandon nan duk na gama musu yankan farko, jira suke in juya su.

Na yi wa Alhaji wannan bayani. Ya saurara yana kallon agogonsa na zinari.

"Kin gama? To, baƙo ba ya son ganin ɗaure-ɗaure kamar kayan boka. Zo ki ga aiki."

Ya buɗe wasu kwalaye da suka zo ta jirgin ruwa. Cike suke da kayan ƙawa masu ƙyalli: wata barewa mai ƙaho kamar rassan bishiya, da wani tsoho mai farin gemu da jar hula, da 'yan bishiyoyin da ban taɓa ganin irinsu ba ko a dajin Sabuwa.

"Jibi ki zauna bayan tebur, ki ce ku kuka yi su. Kuma a ɗauke keken nan, abin kunya ne a ga injin Turai da ƙafar tela."

"Shi ma ba zan yi ba, Alhaji."

"Boko ya ɓata ki," in ji shi, ya fita.

Da yamma na zaɓi guntu ɗaya daga kwandon, na yi mata yanka na biyu, ban kwance ba na ƙulle ta a bakin gyalena.

Ranar taro na iso da hantsi na tarar an shafe duwatsun hanya da farar ƙasa, har da gindin bishiyoyi da ƙafar wani jaki da bai matsa da wuri ba. Ɗakina fes. Babu keke, babu kwando. Na zagaya baya wajen girki, sai ƙamshin maɗaci da ƙaurin roba suka tarbe ni. Goggo na tsaye kan tukunyar shinkafa tana share ido.

"Alhaji ya aiko da su, ya ce makamashi ne. Sai da suka kama na gane, wallahi."

Na leƙa murhu. Ban yi kuka ba, hayaƙi ne.

Baƙon ya iso bayan azahar cikin jerin motoci, ya ci shinkafar da aikina ya dafa, ya yaba da ita. Sannan aka kawo shi gaban tebur. Ya ɗaga tsohon mai jar hula ya ce, "Madalla! Wannan shi ne raya al'adun gargajiya. Kamar in ga kakana." Aka yi tafi. Ya ɗaga barewar ya ce a dajin nan ya sha farautar irinta yana yaro. Aka ƙara tafi.

Ya juyo gare ni. "Malama, ke kika koya musu?"

"Ranka ya daɗe, ga nawa."

Na kwance bakin gyale, na ajiye guntun a tebur, na warware robar. Ɓangarorin suka zube gefe da gefe, zabuwa ta tsaya da ƙafafunta, wuya a miƙe. Wata tsohuwa daga Yankara ta ce, "Kai, saura ta yi kuka!"

Baƙon ya kalle ta ta saman tabarau. "Ba laifi. Amma ta cika ƙauyanci. Ki dage, wata rana za ki kamo waɗannan."

"In zan kamo su, ranka ya daɗe, sai in hau jirgin ruwa. Daga kwali suka fito shekaranjiya, kwalayen na bayan ofis. Nawa kuma yanzu ka gama cin abincin da aka dafa da su."

Maroƙin da ke gefe ya haɗiye kirarin da ya ɗauko. Alhaji Rabo ya yi dariya shi kaɗai, ya ce yarinya ce, rana ta buge ta. Baƙon ya ajiye barewar a hankali, ya ce lokacin la'asar ya yi, alhali inuwa ba ta ko kai tsawon mutum ba.

Bai tambayi kwalayen ba. An ce ma ya tafi da tsohon mai jar hula, yana kan teburinsa a Kaduna. Alhaji Rabo kuwa ya sami kwangilar gina irin cibiyar a Kankara.

Ni aka sallama kafin sati ya zagayo, wai ba ni da ladabi. Aka mayar da zarton cikin ledarsa aka kulle ɗakin, kuma duk ƙasar nan ban san inda zan sami wani ba. Goggo ma ta rasa girkinta saboda ni, ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Na rasa aikin gwamnati, na rasa sana'ar da na koya da jinin yatsana, tun ranar ban sake yanka ko tsinke ba. Zabuwa ɗaya ta rage mini, tana kan tagar ɗakina.