Siliki ko Ulu

Sau huɗu Abdulbasit mai kafet ya kira ni ban ɗaga ba. A na biyar na ɗauka, don kawai wayar ta bar ni in huta.

"Mama, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi kunyar kiranki nake ji, amma masaƙan can Turkiyya sun tasa ni gaba. An gama zane, an gama launi, zare kawai suke jira a faɗa musu. Siliki ko ulu?"

Na ce masa ina zuwa. Har yau ban san abin da ya sa na ce haka ba.

Maigidana Irmiya ne ya ba da odar kafet ɗin, wata biyu kafin tirela ta matse motarsa a Gauraka yana dawowa daga aiki a Abuja. Shekara ashirin da shida yana bin hanyar nan safe da yamma, ko madubi bai taɓa fasawa ba. Ya gama falon da ya ɗebe shekaru yana ginawa, ya ce shi fa ba zai shimfiɗa masa na kasuwa ba, sai wanda aka saƙa da hannu daidai awon ɗakin. Na ce mutumin da ya tashi a kan tabarmar kaba, ina shi ina kafet ɗin Turkiyya? Ya ce ai shi ya sa.

Mako bakwai ya yi a asibiti muka dawo gida. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba motsi. Likita ya ce a ba shi wata uku: idan ji ya fara dawowa tafin ƙafa, akwai sa rai zai taka, in kuma bai dawo ba, to. Bai ƙarasa ba, ya shiga duba takardunsa.

Tun da muka dawo Irmiya yake cewa yana jin wani abu. "Maman Tabita, kamar tururuwa ke yawo a yatsuna." Ya faɗa wa fasto, ya faɗa wa zumuntar mata, ya faɗa wa 'yarmu Tabita ta waya, ta fashe da kuka daga can Jos. Da mutanen coci suka kawo keken guragu, da hannuna na tura shi bakin ƙofa. Na ce wa dattijon da ya kawo, mijina ba gurgu ba ne, a kai wa mai buƙata. Tatas na yi masa, bawan Allah, ya tafi yana ba ni haƙuri. Wannan ne fushi na ƙarshe da na yi da zuciyata. Tun daga nan ina nan dai, in dafa, in juya shi, in wanke zannuwa, in ce wa masu dubiya da sauƙi. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai. Abu guda na riƙe, tururuwar nan ta yatsunsa.

Na bar shi da Esther, ƙanwarsa, na hau keke napep zuwa bayan babbar kasuwa. Shagon Abdulbasit a sama yake, ka hau matakala kana haki ka tarar da sanyin na'ura da warin sabon kaya. Ya kawo mini kujera da ruwa, sannan ya shimfiɗa ƙyalle biyu a ƙasa, kowanne bai wuce faɗin faifai ba, zane iri ɗaya, ja mai duhu da ganye-ganye a gefe.

"Wannan siliki ne, Mama. Zagayo ta nan ki gani."

Na zagaya. Jan ya koma kamar ruwan zoɓo da aka ɗaga a rana. Na koma inda nake ya sake duhu.

"Kin gani? Kyau kam ba a magana. Amma ɗan gata ne. Ba ya son ruwa, ba ya son takalmi, ƙafar kujera in ta zauna masa ta bar tabo ke nan har abada. Wanda ya sayi siliki ya sayi aiki."

"Shi kuma wancan fa?"

"Ulu, gashin tumaki." Ya danna shi da babban yatsa, ya ɗaga, wurin ya taso ya cike. Ya ɗiga masa ruwa daga kofina, ruwan ya tsaya ƙwallo-ƙwallo bai shiga ba. "Jaki ne wannan. Jikokinki za su yi fitsari a kansa, su girma, su aurar da nasu 'ya'yan yana nan."

Na ce, "To ka zaɓa mini mana, Abdulbasit. Kai ne mai sana'a. Ni duk ɗaya ne a wurina, ko buhu ka shimfiɗa."

"Haba Mama. Ai ba a zaɓar kafet da ido, ido ruɗuwa yake yi. Cire takalmi."

Na harare shi, amma na cire. Silikin sanyi gare shi, santsi kamar ka taka ruwa. Ulun kuma ɗumi, yana ɗan sosa tsakanin yatsu. Na tsaya ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, tsohuwa da ni, a shagon mutane.

"Baba da bakinsa ya ce mini shi zai zaɓa da ƙafarsa, haka muka rabu," in ji shi yana naɗe su. "Na kuwa ji an ce ji ya fara dawowa, alhamdu lillahi. Ki tafi masa da su, ya taɓa. Ko ba komai zai ji daɗi an tambaye shi."

Na karɓa na sa a jaka. A hanya mai napep ya yi ta zagin wani ɗan acaɓa da ya yanko masa, ni dai ina kallon jakar a cinyata.

Wajen ƙarfe uku na iso. Esther ta tafi ɗauko yaranta makaranta. Irmiya yana kwance rigingine, rediyo a gefen kunnensa. Da na fito da ƙyallayen fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun kafin Gauraka.

"Kai! Abdulbasit ɗan albarka. Kawo, kawo. A'a, ba a hannu ba, a ƙafa. Kuma kar ki faɗa mini wanne ne wanne, ni zan gane."

Ya rufe ido kamar yaron da ake ba alewa. Na naɗe bargon zuwa gwiwarsa. Ƙafafun sun rame, sun yi fari-fari, farcen ya yi tsawo, na ce a raina gobe zan yanke.

"Ga na farko," na ce, na shafa masa silikin a tafin dama, daga diddige zuwa yatsu.

Ya gyaɗa kai. "Mm. Ba laifi. Kawo ɗayan."

"Ga na biyu."

Ina faɗa ulun ya suɓuce daga hammatata ya faɗa ƙarƙashin gado. Na durƙusa ina laluba, gwiwata na ƙara, na tura hannu can ciki kusa da fo ɗin fitsarinsa. Daga nan ƙasa na ji muryarsa.

"Yauwa! Wannan. Kin ji ɗumi? Ɗan ƙara shafawa a diddigen. Haka, haka. Kai, wannan ya fi laushi nesa ba kusa ba."

Na ɗago kai. Ƙafafunsa biyu suna nan a kan zani, ba abin da ke taɓa su. Silikin yana kan kafaɗata, ulun yana hannuna da ƙurar ƙarƙashin gado a jikinsa.

Na miƙa hannu na kafa farcen babban yatsana a tsakiyar tafinsa na dama, na danna. Na danna da duk ƙarfin da nake murɗe zani da shi, har fatar ta lotsa ta yi ja. Na koma na hagu na yi haka.

"Ki faɗa masa na biyun," in ji Irmiya, idonsa a rufe, yana murmushi. "Har cikin ƙashina nake jin sa."

Na jira in ji wani abu ya taso mini, kuka ko ihu ko zagi. Shiru. Rediyo na ta sanar da ɗaurin auren wasu a unguwar Wambai. Abin da ya zo mini kawai shi ne, ashe mutumin nan kullum sai ya ƙirƙiro mini tururuwa, safe da rana, don in iya tashi in ɗora tukunya.

"To," na ce.

Na fita falo. Ba komai a cikinsa sai tayil da labule, muryar mutum har amsawa take yi. Na kira Abdulbasit.

"Mama! Baba ya taɓa?"

"Ya taɓa. Tambayarka zan yi. A cikin biyun wanne ne ke jure taya?"

"Taya kuma? Tayar me?"

"Ta keke. A bi ta kansa a dawo, kullum, shekara da shekaru."

Ina jin hayaniyar kasuwa ta bayansa.

"Ulu," ya ce a hankali. "Sai dai a ce su rage masa tsawon gashi, kar tayar ta riƙa nutsewa."

"A rage."

"Mama, sannu."

Na kashe. Na nemo lambar dattijon cocin nan, na ce masa Rifkatu ce, matar Irmiya, in ba a ba wani keken ba a dawo da shi. Bai tambaye ni komai ba, ya ce gobe da safe.

Da na koma ɗaki Irmiya ya buɗe ido yana jirana.

"Wanne na zaɓa?"

"Ulu."

"Na sani! Ban ce miki zan gane ba?"

"Ka ce."

Sawun farcena yana nan a tafinsa, ɗaya ya ɗan fito da jini. Na goge da bakin zanina, na ja bargon na rufe masa ƙafafun, na tambaye shi ko zai sha kunu.