Motar Ƙarfe Huɗu

"Mukullin wa ke hannunka?"

Saurayin ya juyo. Hannunsa ɗaya yana kan kwaɗon da ya gama danna wa ƙofar Baba Direba, ɗayan yana riƙe da bokiti an rufe bakinsa da tsumma. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗakina da almakashi, don ina cikin yankan riga na ji ƙarar kwaɗon na fito.

"Na Baba ne, Anti."

"Shi yana ina?"

"Yana ciki."

"Yana ciki ka kulle shi kamar akuya?"

"Shi ya ce in riƙa kullewa, ba ya son a dame shi. A ra'ayina mutum yana da ikon ƙofarsa."

Ya jefa mukullin a aljihu, ya wuce bayan gida da bokitinsa. Na bi aljihun da kallo. Har da tudun waya a ciki, kuma na san tasa wayar tana ɗaya aljihun, wato wannan ta Baba ce.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya, igiyar shanya biyu. Ni tela ce, keken ɗinkina yana jikin taga, tagar kuma tana kallon ƙofar Baba Direba. Saboda haka kada wani ya ce gulma nake yi, wurin aikina ne ya zo da haka. Baban tsoho ne, ya yi shekara talatin yana jan motar fasinja kafin idonsa ya hana shi. Matarsa ta rasu tun kafin in tare a gidan. 'Ya ɗaya gare shi, tana aure a wani gari mai nisan yini guda a mota. Shekara biyu ke nan ba sa magana. Ta zo ta ce ya tattara ya koma wurinta, shi kuma ya ce ba zai zauna yana jiran suruki ya ba shi abinci ba. Maganganu suka yi zafi, ta fita tana kuka, duk gidan mun ji.

Saurayin nan kuwa, Ra'ayina muke ce masa, don ba ya buɗe baki bai fara da kalmar ba. Shekararsa ashirin da huɗu, gyaran waya yake yi a wani ɗan shago a bakin titi. Wasu littattafai ya karanta suka hau masa kai. Ya taɓa ce mini, ina shanya yana wanke fuska a famfo, wai babu wani abu da ake kira "mu".

"Akwai ni, akwai ke, Anti. 'Mu' ɗin nan wayo ne, wani ke son ya hau wuyan wani."

"To, Allah ya kyauta," na ce masa. "Matsa mini in wuce, ni da kayana."

Ba ya zuwa taron 'yan haya. Ranar share gida, iyakar ƙofarsa yake sharewa, amma fa ya share ta tas. Ba ya aron komai, ko ashana. In ka ce masa "an tashi lafiya?" yana iya ce maka bai tashi lafiya ba, kansa ke ciwo, sai ka rasa inda za ka ajiye gaisuwarka.

Lokacin ana shirin zaɓen kansila. Shugaban 'yan haya, wanda muke ce wa Shugaba, ya tara mu ya ce gidan nan ƙuri'a ɗaya ce, duk za mu bi wanda ya yi alkawarin gyara mana kwata. Ya bi ƙofa-ƙofa yana manna hoton mutumin. Ra'ayina ya ɓamɓare nasa a hankali, ya ninke shi, ya kai wa Shugaba da hannu biyu.

"Wataƙila ma shi zan zaɓa," in ji shi. "Amma ni zan zaɓa, ba gidan nan ba."

Tun daga ranar Shugaba ya sa masa ido. Da na kai masa labarin mukulli, sai ya tafa hannu.

"Ba na faɗa muku ba? Ɗaya ɓangaren sun saye shi. Katin zaɓen tsoho yake so. Haka suke yi, su bi tsofaffi su tattare katunan."

Wata maƙwabciyarmu, matar mai shago, ta ce ba kati ba ne, ɗaki ne, don na Baba ya fi nasa girma kuma yana da taga biyu. Ni dai a raina na ce ko mene ne, mutumin da ba ya share wa maƙwabci ƙofa ba zai ɗauki bokitin wani a banza ba.

Zan faɗi nawa laifin tun yanzu. Kwana goma ban sa Baba a ido ba. Kullum da safe nakan tsaya a ƙofarsa in ce, "Baba, an tashi lafiya?" Daga ciki ya ce, "Lafiya lau, 'yata." In ce madalla, in koma kan keke. Ɗinki ya yi mini yawa, muryar kuma ban tsaya na saurare ta da kyau ba.

Ranar Laraba na yi masa kwanto. Yana buɗe kwaɗon da hantsi na sa ƙafata a ƙofar.

"Anti, bai ce ki shiga ba."

"Ɗauke hannunka, ko in tara maka gidan nan."

Na shiga da shirin ganin ɓarna. Ɗakin yana ƙamshin sabulu. An wanke zanen gado, an jera kwalaben magani a kan taga, kowace da 'yar takarda an rubuta lokacin shanta. Rediyonsa tana nan. Tsohuwar hularsa ta aiki tana rataye a ƙusa. Na leƙa ƙarƙashin gado, akwatinsa yana nan da kwaɗonsa. Sai a ƙarshe na dubi gadon, kuma har yau ina jin kunyar cewa a ƙarshe ne.

Baba ya ƙare. Mutumin da jikinsa ke cika ƙofa ya koma kamar an ninke shi, idanun sun faɗa, wuyan ya zama siriri. Ya ɗaga mini yatsu biyu.

"Tela ce? Kin bar aikinki."

Na durƙusa a gefen gadon. Ra'ayina ne ya yi bayani daga bayana. Likita ya zo sau biyu da dare, ya ce ciwon ya riga ya ci jiki, asibiti ba abin da za ta ƙara sai wahala. Baba ya ce a kan gadonsa yake so, kuma ba ya son a yi ta shigowa ana kallonsa ana girgiza kai.

Na ja saurayin waje, wajen famfo.

"Ka kira 'yarsa?"

"Na tambaye shi. Ya ce kada in kira ta."

"Ba ni lambar."

"Wayarsa amana ce a hannuna, Anti. Ba zan buɗe ta kan abin da ya hana ba."

"Kai, wa ya raine ka? Tsoho ya ce a'a, sai kawai ka ce to?"

"To in a'arsa ba a'a ba ce, me ya rage masa? Ƙafa ta tafi, ƙarfi ya tafi, ni ke juya shi a kan gado. Bakinsa kaɗai ya rage. Shi ma a ƙwace?"

Maganar ta ƙara mini haushi. Na koma ciki fuu, na ce, "Baba, a kira maka 'yarka?"

Ya juya fuska wajen bango. "A bar ta. Tana da hidimar gabanta."

Ra'ayina ya dube ni daga bakin ƙofa, kallon kin ji da kunnenki. Zuciya ta ɗebe ni, na fice. A raina na ce lallai yaron nan ya shanye tsohon, shi ke sa masa magana a baki. Maimakon in zauna in lallashi Baba, sai na tafi wurin Shugaba muka yi ta ƙulla yadda za a yi a ga ko katin zaɓen yana nan. Washegari da na kai masa ruwan zafi, har hannu na zura ƙarƙashin matashinsa. Katin yana nan a cikin leda tare da tsohon lasisinsa. Da na gaya wa Shugaba, cewa ya yi ai sai ranar zaɓen zai ɗauke.

Ranar Juma'a da la'asar, ana gobe zaɓe, muna ɗakin mu biyu. Ra'ayina yana ba shi ruwa da cokali, ni ina zaune a kujera ina kallon hannunsa, don har lokacin ban yarda da shi ba. Daga babban titi ana jin lasifikar 'yan siyasa da ƙugin motoci. Baba ya kau da kai daga cokalin, ya kasa kunne.

"Wannan ba ita ba ce," ya ce. "Ƙaramar mota ce. Ta ƙarfe huɗu ta shigo?"

"Wace mota, Baba?" na ce.

"Ta garinsu. Ƙarfe huɗu take shigowa tasha in hanya da kyau."

Cokalin ya tsaya a iska. "Wa kake jira, Baba?"

Tsohon ya dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Ba ta ce maka yaushe za ta zo ba?"

"Baba, ai ban kira ta ba. Kai ka ce kada in kira ta."

"Na ce."

Baba ya ja numfashi, idonsa a kan rufi. Can ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai gaya wa ɗan koyo inda ya kuskure hanya:

"Sau ɗaya ka tambaye ni."

Saurayin nan ya sunkuyar da kai. Ni ma na san sau nawa na tambaya.

"Da ka gaya mini," in ji Ra'ayina. "Baba, da ka ce kana so..."

"Ni zan roƙe ta? Ni na haife ta."

Ra'ayina ya ajiye cokalin, ya zaro wayar Baba. Mutumin da ke kwance waya ya ɗaure ta ido a rufe, sai ga shi ya kasa samo lamba, sai da na karɓa na nemo masa. Bugu biyu ta ɗauka. Ya yi mata bayani a guntule, ya kara wayar a kunnen tsohon. Ɗakin shiru, har ina jin muryarta.

"Baba? Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi. Kada ki wahalar da kanki, hanya ba kyau."

"To, Baba. Ga ni nan tafe."

Ita ba ta tsaya jin wata a'a ba. Sai dai motar garinsu sau ɗaya take tashi a rana, da sassafe.

Ranar Asabar gidan ya watse, kowa ya tafi layin zaɓe. Shugaba ya leƙo tun da safe, ya ga Ra'ayina a zaune a gefen gado, ya ja ni gefe yana raɗa.

"Kin ga bai fita ba? Jira yake mu tafi ya ɗauki katin."

"Shugaba, je ka yi zaɓenka," na ce masa. Ban taɓa yi masa magana da wannan murya ba.

Ni ban je ba, shi ma saurayin bai je ba, duk da ƙuri'ar nan tasa da ya yi wata guda yana yi mana wa'azi a kanta. Baba ya tambayi ƙarfe nawa sau biyu. Na farko muka ce tara. Na biyu Ra'ayina ya duba waya, sha ɗaya saura kwata, ya ɗago ya dube ni, sannan ya sunkuya kusa da kunnen tsohon.

"Huɗu ta kusa, Baba."

Ita kaɗai ce ƙaryar da na taɓa ji daga bakinsa. Kafin azahar Baba ya cika. Ni na rufe masa ido, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, rabinsa baƙin ciki, rabinsa kunya.

Da maza suka dawo daga layi aka yi masa sutura. Ra'ayina ya tsaya a ƙofa ya roƙe su a jira motar, ya roƙa har sau uku, har da riƙe hannun Shugaba. Aka jira.

Huɗu da rabi 'yar Baba ta shigo gidan da 'yar jaka a kafaɗa da leda a hannu. Tun daga bakin ƙofa ta ga takalma sun yi yawa, ta tsaya cak. Na tare ta na kai ta ciki. Abin da ya faru a ɗakin ba zan faɗa ba, nata ne da mahaifinta.

Bayan an fita da shi, na zaunar da ita a kan benci a ƙofar ɗakina. Ledar tana kan cinyarta, rigar sanyi ce sabuwa a ciki, ba ta ko cire mata takarda ba. Da maza suka dawo, Ra'ayina ya shiga ɗakinsa ya fito da kofin ruwa. Ya zo gabanta ya rage tsawo.

"Yaya, ga ruwa."

"Na gode, na ƙoshi," ta ce, ba ta ɗago ba.

Bai tafi ba. Ya tsuguna a nan gefen bencin, ƙurar maƙabarta har gwiwar wandonsa, kofin a hannunsa biyu.