Gidan Inna a Ƙasan Dam

Tun ranar da Ukasha ya zo hutu daga Fatakwal da tulunan iska da takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa, unguwarsu a Kazaure ba ta sake samun wani zance ba. Aikinsa nutso ne, yana shiga ƙarƙashin teku duba bututu da gindin jirage. To, mutanenmu ba sa barin alheri ya wuce su. Wannan ta ce zobenta ya faɗa rijiya, wancan ya ce wayarsa na cikin kududdufi tun bara, har da mai cigiyar guga. A ganinsu, ba abin da zai kai mai hankali ƙasan ruwa sai in wani abu ya faɗa.

Mahaifinsa kuwa, Malam Lado, tsohon ma'aikacin masarauta, ko murmushi bai yi ba. Ya kira shi zaure ya ce, "Na yi maka magana a sakatariya. Kujera da fanka. Zancen Fatakwal ya ƙare."

Ukasha ba zai taɓa sa ƙafa a mota ba sai da izinin uba, kuma ya san in aka ɗora shi a kan kujerar nan bushewa zai yi.

"Wai me kake nema a can ƙasa?" in ji tsohon.

"Baba, ko ba aiki ina shiga. Shiru ne a can. Ba abin da nake ji sai numfashina. Hankalina yana kan iskar da ta rage, da abokin nutsona, da ɗan abin da ke gaban tocila. Sauran duniya duk a sama nake barin ta."

"Shiru kake nema? Ofishin da na samo maka, ba mai leƙa shi bayan azahar."

Sama'ilu, abokin aikin Ukasha da ya rako shi hutu, ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe don kada dariya ta kufce masa a gaban manya.

Washegari da hantsi Malam Lado ya fito da babbar riga da sanda, ya ce su ɗauko tarkacen nasu. Suka hau mota har wani dam da ke wajen Roni. Ukasha ya san labarin, kamar yadda kowa a gidan ya sani: ƙauyen da aka haifi mahaifinsa yana ƙarƙashin ruwan nan, an tashe su tun tsohon yana saurayi. Abin da bai sani ba shi ne mutumin da ko tsallake kwata sai ya tattare riga zai yarda ya shiga kwalekwale.

Ya shiga kuwa, ya damƙe gefe da hannu biyu, ya riƙa ba mai tuƙi umarni kamar shi ya sassaƙa jirgin. "Yi gabas. Ka ga wancan dutsen? Sai ya daidaita da kukar can ta bakin gaɓa. Tsaya! Nan ne." Ya dubi ɗansa. "Tun da ka ce kana gani, je ka gano."

Ukasha da Sama'ilu suka goya tuluna, suka duba wa juna tiyo da agogon iska, suka sulale.

Ruwan dam ba teku ba ne, kunu ne. Tocila ba ta haska abin da ya wuce tsawon hannu. Ukasha ya bi igiyar da suka zura daga kwalekwale a hankali, yana toshe hanci yana buɗe kunnuwa, har gwiwarsa ta taɓa laka. Nan shirun da ya saba ya lulluɓe shi, ya manta da sakatariya da fankarta. Katangu kam babu, ƙasa ta koma ƙasa. Ya lalubi wani kututture, karfasa suka watse daga cikinsa. Ya ƙara gaba, hannunsa ya faɗa kan wani abu mai santsi da kwarmi a tsakiya. Ya share laka. Dutsen niƙa ne, gefensa ɗaya a ɓantare, wata ƙatuwar tarwaɗa ta yi kwance a gindinsa tana kaɗa gashin baki kamar ita ta gaji gidan. Ya daɗe yana shafa kwarmin, har Sama'ilu ya taɓa shi ya nuna masa agogo.

Da suka ɓullo, Ukasha ya tofar da tiyo ya hau zuba. Ya faɗi kututture, ya faɗi karfasa, ya ba tarwaɗa haƙƙinta har da auna tsawonta da hannu. Sai can ƙarshe ya ambaci dutsen.

"Ɓantararre ta gefe?" in ji Malam Lado.

"Ƙwarai, Baba."

"Na Inna ne. Ya fi ƙarfin jaki, aka bar shi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ina yake?"

"Mun bar shi a wurinsa. Mu a ƙa'idarmu ba ma ɗauko abin da muka tarar."

"Kun kyauta. Ba a taɓa kayan tsohuwa ba izini."

Tsohon ya zuba wa ruwa ido. Kewar uwarsa ce ta taso masa, kowa a jirgin ya gani, kowa ya kau da kai. Can ya ɗago, ya haɗe gira.

"Da ka shiga, ka yi sallama?"

Ukasha ya buɗe baki. "Baba, ai tiyo ne a bakina."

"Tiyo! Ka shiga gidan kakarka, gidan da aka binne cibiyata, ka ratsa har wurin niƙa, kana shafa kaya, ba sallama? Ka tsaya kallon kifi? Sama'ilu, haka kuke yi a Fatakwal?"

"A gafarce mu, Baba," in ji Sama'ilu, shi ma bai san yadda laifin ya hau kansa ba.

"Da sauran iska a tulun?"

"Akwai, Baba, sai dai mu ɗan huta tukuna."

"Ku huta. Sannan ka koma ka shiga kamar ɗan mutunci. In bakin ba zai yiwu ba, ka yi da zuciya, za ta ji. Ka ce Lado yana sama, ƙafa ce ba ta kai ba."

Ukasha ya ji hawaye sun cika masa gilashin nutson da ya mayar fuska. Yana gyara ɗamara, tsohon ya kama kafaɗarsa da hannun da ya saki gefen jirgi.

"Kujerar nan a ba wani. Ka koma Fatakwal ɗinka, Allah ya tsare. Amma duk hutu ka zo da tulun nan cike. 'Ya'ya na haifa da yawa, kai kaɗai ne kake iya zuwa gaishe ta."