Ƙunshin Balaraba

Inna Delu ba ta taɓa son mage ba. Shekara sittin da biyu tana korar su daga bakin murhu da muciya, kuma ba ta ga dalilin sake hali da tsufanta ba. Amma da yayanta Sambo kafinta ya kwanta ciwon ajali, bai bar mata wasiyyar gida ko gona ba, don ba shi da ko ɗaya. Hannunta kawai ya kama ya ce, "Delu, ga Balaraba nan. Amana ce." Bayan kwana uku aka kai shi makwancinsa.

Balaraba mage ce fara mai tabon toka a goshi. Ranar Laraba ta shigo shagonsa na Abakpa tana 'yar mitsitsiya, sunan ya bi ta. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana kwana cikin dusar katako, tana cin kan kifi daga hannunsa. Da aka rufe shagon, Delu ta sa ta a kwali ta kawo ta Kinkinau, gidan ɗanta Ashiru mai tuƙa keken haya mai ƙafa uku, inda ita ma take zaune tun rasuwar mijinta. Gidan haya ne sabo fil, tayil tun daga ƙofar shiga har banɗaki, kuma Husaina matar Ashiru sau biyu take goge shi a rana.

Wata huɗu ana zaune lafiya. Sai Balaraba ta fara ɗingishi da ƙafar gaba ta dama. Daga ɗingishi sai ɗigon jini a kan tayil, nan ɗaya can ɗaya. Delu ta lallaɓa ta leƙa tafin ƙafar, ta ga ya kumbura ya tsage, ta gyaɗa kai irin na wanda ya gane bakin zaren.

"Faso ne," in ji ta.

In dai faso ne, ai an zo gidan masu shi. Duk matar da dunduniyarta ta tsage a layin nan wurin Inna Delu take zuwa, kuma maganin bai taɓa canzawa ba tun zamanin kakarta: lalle da man kaɗe. Saboda haka ranar Talata da hantsi, Ashiru ya fita aiki, Husaina ta tafi Islamiyya, Delu ta kwaɓa lallenta mai kyau, ta naɗe Balaraba da tsohon zani, ta cusa mata shi a tafi, ta rufe da leda ta ɗaure da tsumma, yadda ake yi wa amarya ƙunshi. Amaryar dai ba ta gode ba. Ta yakushe ta a hannu, ta shige ƙarƙashin gado, kafin a jima ta tsinke ƙunshin da haƙori. Delu ta tattara tsummokaran ta cusa can ƙasan kwandon shara.

Washegari abin ya ƙaru. Ƙafar ta yi jajir har tana neman baƙi, kumburin ya ninka, magen ta ƙi fitowa. Delu ta daka rabin ƙwayar farasitamol ta cuɗa da kifi ta tura mata. Balaraba ta shinshina, ta kawar da kai. Ƙin cin nan shi ya fi komai tayar wa Delu da hankali. Magen da ko ƙamshin kifi ta ji daga maƙwabta sai ta tashi! Tsoro ya kama ta sosai, don ta tabbata da hannunta ta kashe amanar ɗan'uwanta.

Ran Alhamis da safe Ashiru ya durƙusa ya jawo magen da kansa. Yana ganin ƙafar ya yi salati.

"Inna, ƙafar nan ta ruɓe. Dubi launinta. Wannan ba ta tashi."

Delu ta san launin lalle ne, amma bakinta ya yi nauyi. Ta yaya za ta ce ita, dattijuwar da ake zuwa neman shawara wurinta, ta yi wa mage ƙunshi? Kuma in ta faɗa, ai ta faɗi wanda ya yi kisan ke nan.

"Bari in samo buhu," in ji Ashiru, da murya a sanyaye, don ba mugu ba ne. "In kai ta bayan mahauta in sake ta. Can aƙalla akwai abin ci. Ran nan har a kan sallaya Husaina ta ga jini."

"Kai wannan," in ji Delu. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "Asibitin dabbobi za ka kai mu."

"Inna, mage ce fa."

"Amanar kawunka ce. In ba za ka iya ba, in ɗora kwalin a kai in taka."

Ya fita ya tayar da keke.

Asibitin ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da rumfa a wajen Unguwar Shanu. A kan benci akwai wani mai rago mai tari da wata mata da kaji a keji. Mai ragon ya leƙa kwalin Delu, ya dubi fuskarta, ya danne dariyarsa. Ta galla masa harara, ya mayar da idonsa kan ragonsa.

Likitar yarinya ce, da ƙyar in ta kai talatin, da tabarau da farar riga a kan hijabi. Dakta Juwairiyya sunanta. Ta shimfiɗa tawul a kan tebur, ta naɗe Balaraba a ciki cikin dabara, ƙafa ɗaya kawai ta bari a waje. Delu ta tsaya a gefe tana jiran a ce yankewa za a yi, ko ma a ce an makara.

Likitar ta juya ƙafar, ta haska da fitila. Ta sunkuya ta shinshina. Sai ta ɗago kai a hankali, kafaɗunta na rawa.

"Mama, wa ya yi wa amarya ƙunshi?"

Ashiru ya juyo ya kalli mahaifiyarsa, daga nan ya kalli yakushin da ke bayan hannunta, wanda ta ce masa ƙusa ce ta ja ta.

"Ni ce," in ji Delu, murya can ƙasa. Da ta fara kuwa sai maganar ta ɓalle. Ta faɗi faso, ta faɗi man kaɗe, ta faɗi tsumman da ta ɓoye a shara. "'Yar nan, faɗa mini gaskiya don Allah. Ni na kashe ta?"

"Wa ya ce ta mutu? Ga ta tana hararata." Likitar ta ɗaga leɓen magen ta duba dasashi, ta buɗe fatar idonta. "Jininta lafiya lau. Lalle dai ba na mage ba ne, in ta lashe da yawa yana iya yi mata illa, kada a sake. Amma wannan ba ta ci wani abin kirki ba. Ƙafa kuma ba ta ruɓe ba, ja ce kawai, kuma lallen ya kama da kyau, Mama kin iya."

Ashiru ya fashe da dariya har da riƙe bango. Delu ba ta ma ji haushi ba. Wani abu ne ya sauka daga ƙirjinta, ta nemi kujera ta zauna.

"Bayan lalle, kin ba ta wani magani?" in ji likitar.

"Farasitamol ne kawai, rabi, na sa mata a kifi."

Nan take dariya ta ɗauke daga fuskar Dakta Juwairiyya. "Ta ci?"

"Ko taɓawa ba ta yi ba. Shinshinawa ta yi ta juya kai."

"Kin tabbata?"

"Da hannuna na zubar da shi."

Likitar ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Mama, farasitamol guba ne ga mage. Rabin nan ya isa ya gama da ita. Da ta ci, yau ba wannan hirar muke yi ba."

Delu ta dafe ƙirji. Jiya ta wuni tana roƙon magen ta ci, har da kiran sunanta da lallashi, tana tura mata kwanon da tsinken tsintsiya. Ta kalli Balaraba a naɗe cikin tawul, sai ta ji tana son dabbar nan, so na gaske, karo na farko.

"To zo ki ga ainihin ciwon," in ji likitar.

Ta matsa tafin a hankali, ta buɗe gashin da ke tsakanin yatsu. Ga farce ɗaya ya yi kauri, ya tanƙware kamar ƙugiya, ya zagayo ya nutse cikin tsokar tafin. Abin da Delu ta ɗauka tsagar faso ce, ashe ramin da farcen ya huda ne.

"Duk takun da ta yi, kanta take soka. A da a ina take zaune?"

"Shagon kafinta," in ji Ashiru. "Na kawuna, Allah Ya ji ƙansa."

"Amin. Yanzu fa?"

"Gidana. Tayil ne."

"Shi ke nan. Can kullum tana da katakon da za ta karta, farcen na gogewa, tsohon ɓawonsa na zubewa. A tayil me za ta karta? Ga tsufa kuma, farcen tsohuwar mage kauri yake yi, ba ya komawa ciki sosai. Sai ya yi ta tsiro har ya dawo ya same ta."

Delu ta tuna ƙafar bencin Sambo, wadda ta sha ganin ta a kakkarce kamar an bi ta da wuƙa. Ta sha yi masa tsiya cewa kafinta guda ya kasa gyara bencinsa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Likitar ta yi wa magen allura don kada ta ji zafi, ta sa ɗan almakashi mai lanƙwasa ta datse farcen, ta zaro guntun daga cikin tsoka. Mugunya ta biyo, ta matse ta wanke tas. Ta ɗora guntun a kan auduga ta miƙa wa Delu. Bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Wannan ɗan abin?" in ji Delu.

"Shi ne duka."

Sauran faratan ma ta rage musu tsini, biyu daga ciki sun kusa isa tsoka. Sannan ta kama hannun Delu ta koya mata yadda za ta matsa yatsan mage har farcen ya fito, da inda jan jijiya ya tsaya, wanda ba a yankewa a kai. Ta ce duk sati biyu a duba, a samo mata guntun katako mai kaushi a jingine a tsakar gida, ga maganin sha na kwana bakwai.

"In kuma kin ga wani abu, ki kawo ta, kafin ki kai ta wurin mai kitso."

Wannan karon har Delu sai da ta dara.

A hanyar komawa Ashiru ya yi ta satar kallonta ta madubi, bakinsa na motsi.

"Kai wannan, in na ji labarin nan a bakin wani a layinmu, ni da kai ne."

"Ni? Wallahi Inna ba mai ji." Suka wuce shataletale. Sai ya ce, ba wasa a muryarsa, "Inna, ki yafe mini maganar buhu."

"Ni ma ai ban faɗa maka gaskiya ba. Tuƙa mu dai."

Da la'asar ɗin ranar Balaraba ta ci kifi, ta lashe kwanon. Ran kwana na uku ta fara dafa ƙafar a ƙasa. Katakon ne dai bai zo ba, kullum Ashiru sai ya ce ya sha'afa, gobe.

Ran Juma'ar da ta zagayo, bayan an sauko daga masallaci, suna zaune a falo su uku ana cin dambu, sai ga Balaraba ta fito daga ɗakin Inna. Tafe take da ƙafa huɗu, ba ɗingishi, ɗaya jajir. Ta ratsa tsakiyar falon ba ta kalli kowa ba, ta nufi doguwar kujerar Husaina, ta kayan ɗakinta, wadda ko baƙo sai mai daraja ake ba shi ya zauna. Ta miƙe tsaye, ta yi miƙa, ta kafa farata biyu-biyu a jikin yadin, ta fara ja. Ƙarar ta cika falon.

Husaina ta yi ihu ta rarumo tsintsiya. Ashiru ya riƙe hannunta, ya nuna mata mahaifiyarsa da ido.

Inna Delu ta ajiye cokali. Dariya take yi, hawaye na bin kumatunta suna sauka a kan mayafi, ba ta ko share su ba. Idonta na kan jar ƙafar nan da ke shiga yadin da ƙarfinta tana fita.

"Yanzun nan zan je in samo katakon," in ji Ashiru, yana laluben makullin keke.

"Je ka," in ji Delu. Ta juya ga surukarta. "Husaina, kujerar ni zan sa a sake mata yadi, na ɗauki alkawari. Amma don Allah 'yata, bar ta ta gama."

Husaina ta kalli kujerarta, ta kalli tsohuwar, ta sauke tsintsiyar a hankali.