Inda Jijiyar Ta Rabu Biyu

Likitar ta juyo da fuskar kwamfutar yadda matar, wadda tela ce, da mijinta za su gani, ta ɗora bakin biro a kan wani farin zare da ya rabu biyu.

"Wannan jijiyar jini ce a cikin ƙwaƙwalwarki. A wurin mutane da yawa, rassan kan tafi kusa da juna, kamar yatsu biyu. Naki kuwa sun buɗe sosai, ɗaya ya yi dama, ɗaya ya yi hagu. Jinin da ya taho da ƙarfi tsakiyar yake duka, shekara da shekaru, har wurin ya yi laushi ya kumbura. Kin ga ɗan ƙullutun nan? Bai kai ƙwayar wake ba."

Mijin, wanda shekararsa ashirin yana gyaran famfo, ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin.

"Likita, ai ko a bututu daga mahaɗa ruwa ke fara yoyo."

"To ka hutar da ni bayani," in ji likitar tana murmushi. "Sai dai ba siffar kaɗai ba ce. Akwai hawan jini, akwai gado."

Tela ta sunkuyar da kai. Mahaifiyarsu tana tsakiyar shanya ta dafe kai ta faɗi, ba ta sake magana ba. Bara kuma irin haka ta sami Yaya, babbarsu. Ita ta tashi, amma har yau tana jan ƙafar hagu. Tun da ta fito daga asibiti ta hana tela sakat: kullum sai ta zo shago, ta zauna a kan yadudduka, ta ce sai an je an ɗauki hoton kai. Tela ta ce lafiyarta lau, ga ɗinkin mutane jibge. Ranar da abin ya ishe ta har cewa ta yi, "Yaya, ciwo kike nema mini?" Sati biyu ba su gaisa ba.

"Zai fashe?" in ji tela.

"Da ba mu gani ba, wataƙila. Yanzu mun riga shi. Siririn bututu za mu zura ta cinya mu toshe kumburin, ba sai an buɗe kai ba. Mako mai zuwa."

Tela ta sauke numfashi, ta yi ta jera godiya har likitar ta ɗaga hannu.

"Ni hoto kawai na karanta. Wa ya turo ki?"

Yaya na zaune a bencin waje, sandarta a jingine da bango, takalmin hagu ya zame ba ta ma sani ba. Tela ta durƙusa ta mayar mata da shi, ta daɗe tana gyara maɗaurin.

"An gani, Yaya. An ce za a gyara."

Yaya ta rufe ido, leɓunanta na motsi.

"Maganar da na faɗa miki rannan..."

"Tashi, kina tare wa masu turo keken marasa lafiya hanya." Ta goge fuska da bakin mayafi, ta lalubo waya a jaka. "Saura Auta. Ni ta daina ɗaga kirana."

Tela ta karɓi wayar, ta ajiye a kan cinyar Yaya, ta ciro tata.