Suman Ƙarya

Tun da yaƙi ya koro su daga garinsu Bahri zuwa Alƙahira, Babikir ba shi da aikin da ya wuce gadin wata kwamfuta da ya baro a tsohon ofishinsu. Hasken rana ke ba ta wuta, faifan tauraron ɗan'adam da ke kan rufi ke haɗa ta da duniya, kyamarar bakin ƙofa kuma tana kallon titi. A tsallaken titin gidansu yake, inda mahaifinsu, Alhaji Awad, ya kafe ya ce ba inda za shi. Waya ta daɗe da mutuwa a unguwar. Abin da ya rage musu kawai, kullum da safe su ga tsohon ya fito da bokiti yana ba bishiyar lemun tsami ruwa. Shi bai ma san ana kallonsa ba.

Katin sadarwar kwamfutar ne ke neman kashe Babikir da ransa. Zafi ya ci layin da ya haɗa katin da ƙwaƙwalwar na'urar, sai katin ya riƙa suma. Katin da ya suma kuwa maƙaryaci ne, duk abin da aka tambaye shi eh zai ce. Kana lafiya? Eh. Ka mutu? Eh. Aikin direba, wato manhajar da ke tuƙa katin, shi ne ya gane wannan eh ta banza ce, ya tsayar da komai, ya kashe katin, ya tashe shi, ya tuna masa ko shi wane ne. Babikir da kansa ya rubuta wannan ɓangaren, a zamanin da in abu ya ƙi sai a leƙa ɗaki na gaba a danna maɓalli.

Da zafi ya tsananta, farfaɗowar ta fara daɗewa, wani lokaci har ya fara cire rai kafin hoto ya dawo. Ya zauna ya sake rubutun, ya gwada a wata kwamfuta ta hannu da ya saya a nan Alƙahira. Ran nan da hantsi, bayan tsohon ya shige gida, ya yi bisimilla ya tura gyaran. Hoto ya ɗauke, ya dawo tas.

"Injiniyan injiniyoyi!" in ji ƙanwarsa Tahani, ta dire masa kofin gahawa. "To sai a rufe a tashi, wake na hucewa."

"Saura gwaji."

"Gwajin me kuma? Ga titi, ga bishiya."

"Tashi kawai katin ya yi, ban ga ya suma ya farfaɗo ba. Zan sa masa suman ƙarya in gani."

"Wato lafiyayye za ka shaƙe don ka ga ko ya iya numfashi? Yaya, don Allah ka bar shi."

"Ke, ba haka ake aiki ba. In ban gwada ba, ban san abin da na tura ba."

Kuma gaskiyarsa. Haka aka koya masa, haka ya koyar, ya sha korar yaran ofis daga gabansa kan gyaran da ba su gwada ba. Sai dai duk wannan tarbiyyar an yi ta ne a ɗaki mai sanyi, na'ura tana inda hannu zai kai. Ya rubuta umarnin, ya danna.

Hoton ya daskare a kan titi wayam, ƙasan bishiyar da sauran danshi. Ya jira. Ya aika kira, shiru. Ya sake aikawa, ya sake. Can abin ya faɗo masa: katin da ya gwada a nan sabon ƙira ne, nan take yake tashi. Na Bahri tsoho ne, sai an ɗan saurara masa. Direban ya tambaye shi da wuri, ya ji eh ɗin nan, ya yanke cewa ya mutu, ya sallame shi. Kwamfutar na can tana aiki lafiya lau, kyamarar na ɗauka, ba dai mai gani.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da suka fito.

Mahaifiyarsu, Hajiya Sittana, ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta dubi allon, ta dube su.

"Ya sake suma? Yaushe zai dawo?"

"Sai an danna maɓalli, Mama. A can."

"To ai da sauƙi. Babanku na tsallaken titi, taku nawa ne?"

Ba wanda ya tambaye ta wa zai gaya masa. Babikir ya sa hannu a aljihu, sai ya taɓo mukullan ofishin. Shi ya kulle ƙofar ƙarfen da hannunsa ranar da suka gudu, har ya koma ya girgiza ta don ya tabbatar ba mai iya shiga.